Yadda Mai Barin Shaye-shaye Zai Koyi Karɓar Gyara da Amsa Laifinsa

Wanda ya daɗe yana shan tramol, ko giya, ko wiwi, ko ƙwayoyin sa barci, bakinsa ya saba da kare kansa kamar yadda jikinsa ya saba da abin da yake sha. Ya yi shekaru yana rage adadin abin da ya haɗiya idan an tambaye shi, yana ƙirƙiro dalilin da ya sa kuɗin cefane bai kai ba, yana juya magana har wanda ya zo yi masa faɗa ya tashi yana ba shi haƙuri. Ranar da ya tuba ya ce ya bari, ƙwayar takan fita daga jininsa cikin kwanaki, amma ɗabi'ar kare kai tana nan daram, kuma sau da yawa ita ce ke mayar da mutum gidan jiya. An rubuta wannan jagora ne domin mai bin Almasihu, namiji ko mace, da ke ƙoƙarin rabuwa da shaye-shaye a Maraɗi da garuruwan da ke kewaye da ita, domin ya koyi sauraron gyara da amsa laifinsa a aikace.

Akwai abin da ya kamata a warware tun farko. A ƙasar Hausa an koya mana tun muna yara yadda ake zama gaban babba: a tuɓe takalmi, a durƙusa, a sunkuyar da kai, a ce, "To, Baba, na ji." Tarbiyya ce mai kyau, sai dai mashayi ya fi kowa ƙwarewa a kanta, domin ya gane ita ce hanya mafi sauri ta kashe magana. Yakan durƙusa gaban fasto ko gaban mahaifinsa har ya zubar da hawaye, alhali ƙwayar da zai sha bayan an tashi tana cikin aljihunsa. Saboda haka kada kai ko iyalinka ku auna tawali'unka da yadda ka sunkuyar da kai. Ku duba ko kana barin wani ya san ainihin halin da kake ciki, ku duba ko abin da aka faɗa maka yana canza wani abu a kwanakin da suka biyo baya, sannan ku lura da tsawon lokacin da kake ɗauka tsakanin yin kuskure da faɗinsa.

Lamarin ya fi yi mana nauyi saboda ƙarancinmu. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Kirista ba su kai ɗaya cikin ɗari na mutanen Nijar ba, kuma iyalai da yawa na masu bi a jihar Maraɗi sun fito ne daga tushe guda, wato aikin ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) da ya fara a Damagaram a 1924, ya zo Tsibiri, ya kafa asibitin masu ciwon kuturta a Danja, har ikkilisiyar EERN, wato Ikkilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar, ta tsaya da ƙafafunta. Auratayya ta haɗa gidajen, kowa ɗan'uwan kowa ne, abin da aka faɗa a majami'a da safe yana iya isa Tsibiri ko Madarunfa kafin la'asar. Ga kuma tsoron kada maƙwabta da dangi Musulmi su ce, "Ashe haka Kiristan suke." Wannan ne ke sa iyali su lulluɓe matsalar ɗansu da sunan rufin asiri har ta fi ƙarfinsu. Ba wanda ke neman ka tona kanka a kasuwa. Abin da ake nema shi ne ka zaɓi inda za ka faɗi gaskiya, kuma idan ka je wurin ka faɗe ta cikakkiya.

Likita ne zai fara jin gaskiya

Idan kana shan giya mai yawa kullum, ko ƙwayoyin barci irin su diyazefam, kada ka yanke su dare ɗaya kai kaɗai a ɗaki. Jikin da ya saba da giya yana iya shiga karkarwa, gumi, gane-gane da jijjiga irin ta farfaɗiya, galibi a rana ta biyu ko ta uku bayan dainawa, kuma wannan hali yana kisa idan ba a kula da shi ba. Barin tramol ba kasafai yake kai ga mutuwa ba, amma yana zuwa da ciwon gaɓoɓi, zawo, rashin barci da faɗuwar gaba, har mutum ya ga gara ya koma. Likita na iya tsara maka yadda za ka riƙa ragewa sannu a hankali, ya kuma ba ka abin da zai sassauta wahalar, amma ba zai iya ba sai ka faɗa masa ainihin adadin, kuma a nan ne girman kai ke fara gwada ka. Mai shan ƙwaya shida yakan ce biyu, wanda ya shekara biyar yana sha yakan ce bana ya fara. Kafin ka je asibitin unguwa ko babban asibitin jiha, ka rubuta a takarda abin da kake sha, guda nawa a rana, mai lamba nawa, tun yaushe, da abin da kake haɗawa da shi. Likitoci ba sa wuce miligiram 400 na tramol a yini ga babban mutum mai ciwo, alhali cikin ƙwayoyin da ake shigowa da su ta ɓarauniyar hanya akwai masu 225 da masu 250, wato guda biyu kawai sun riga sun ƙetare iyaka. Ranar wanka ba a ɓoye cibi.

Wasu 'yan'uwa suna ganin zuwa asibiti rauni ne na bangaskiya, suna cewa addu'a da azumi sun isa. Ka yi addu'ar, ka kuma je asibitin. A 2 Sarakuna sura 5, Na'aman, babban hafsan sojojin Suriya wanda ke fama da kuturta, ya fusata da aka ce ya je ya yi wanka sau bakwai a Kogin Urdun, domin ya so warkarwa mai ban mamaki wadda ta dace da matsayinsa. Barorinsa ne suka ce masa da an umarce shi da babban aiki ai da ya yi, balle ɗan ƙarami. Ya saurari waɗanda ke ƙasa da shi, ya kuwa warke. Jeren layi a asibiti da amsa tambayoyin ma'aikacin lafiya wanda wataƙila ka girme shi, irin wannan ƙaramin aikin ne.

Zaɓi mutum ɗaya ka ba shi izini

Wasiƙar Yakubu 5:16 ta ce mu furta wa juna zunubanmu, mu yi wa juna addu'a domin mu warke. Masu taimakon mashaya sun daɗe da gano amfanin wannan aya a aikace. Ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda Bill Wilson da likita Bob Smith suka fara a garin Akron na Amurka a 1935, ta ɗauko yawancin tsarinta daga wata ƙungiyar farkawa ta Kirista, kuma cikin matakanta goma sha biyu mataki na biyar shi ne mutum ya amsa ainihin laifofinsa a gaban Allah, da gaban kansa, da gaban wani ɗan Adam. Shirin Celebrate Recovery na taimakon mashaya da aka fara a majami'ar Saddleback ta Amurka a 1991 ya riƙe wannan mataki, ya jingina shi kai tsaye ga Littafi Mai Tsarki. Dalilin sa ɗan Adam cikin lissafin ba ɓoyayye ba ne. Mutum yana iya furta zunubi ga Allah kowane dare tsawon shekaru ba tare da komai ya canza ba, domin yana yin furcin ne da kalmomin da ya zaɓa, ba mai katse shi ya ce, "Guda nawa? A ina ka samu kuɗin?"

Ba sai ka jira wata ƙungiya mai suna daga ƙetare ba. Ka nemi mutum ɗaya a ikkilisiyarka ko wata ikkilisiya ta kusa: namiji ga namiji, mace ga mace, wanda aka san shi da riƙe baki, wanda ba ya jin tsoronka, ba ya kuma cin abinci daga hannunka. Idan shi ma ya taɓa shiga wannan hali ya fita shekaru da suka wuce, ya fi, domin ya san dabarun da kake shirin yi tun kafin ka yi su. Kada ka ɗora wa matarka wannan aiki, ita da ke cikin waɗanda aka cuta. Nauyin ya yi mata yawa. Kada kuma ka zaɓi abokin fadarku da kuka bari tare makon jiya.

Idan ka same shi, ka ba shi izini da bakinka, domin kunya ba za ta bar shi ya yi maka tambayoyi masu tsauri ba sai ka buɗe masa ƙofa. Ka ce masa, "Baba, ina roƙon ka riƙa tambayata kai tsaye ko na sha, da inda na kwana, da yadda na kashe kuɗina. In ka ga na fara kwana-kwana ka faɗa mini, ko da raina zai ɓaci." Ku tsayar da rana da lokaci a kowane mako, kada ku bar shi sai an haɗu. Idan kai ɗan kabu-kabu ne, ka nuna masa abin da ka samu a yini, da abin da ka kai wa mai babur, da na mai, da abin da ya shiga gida. Kuɗin da ba a san inda ya tafi ba yakan riga komai tona asirin komawa.

Lokacin da ake yi maka gyara

Ka san tun yanzu cewa a makonnin farko ranka zai riƙa ɓaci da wuri. Barci bai daidaita ba, jiki yana neman abin da aka hana shi, magana ƙarama sai ta zama kamar zagi. Wannan fushin ba hujja ba ne cewa an zalunce ka. Abu na farko, idan an fara yi maka gyara, shi ne ka yi shiru har mai magana ya gama, kuma shirun ya zama na sauraro, domin akwai shirun da mutum ke yi yana harhaɗa amsar da zai mayar. Hanyar gane bambancin ita ce ka maimaita abin da aka faɗa da kalmominka: "Yaya, abin da na fahimta shi ne kana ganin na koma zama da mutanen da nake sha da su, kuma hakan ya dame ka. Haka ne?" Sau da yawa za ka tarar abin da ka ji ya fi abin da aka faɗa zafi. An ce maka gyara kayanka, kai kuwa ka ji sauke mu raba.

Bayan haka ka nemi misali. Idan aka ce, "Ba ka canza ba," maganar ta yi faɗi, ba abin da za ka kama a cikinta, kuma tana iya karya maka gwiwa. Ka tambaya cikin natsuwa wace rana ce, me ka yi, me aka gani. Ba don ka kama mai maganar da kuskure za ka tambaya ba, don ka samu abu takamaimai da za ka gyara ne. Idan aka ce ranar Talata ka dawo gida bayan sha biyun dare wayarka a kashe, to ga abin aiki ya samu.

Kada ka ba da amsa a zaman. Ka ce, "Na ji, ka bar ni in kwana da maganar, gobe zan dawo maka." Sannan ka dawo ɗin, domin a nan ne wannan ya bambanta da "to, na ji" na kashe magana. Cikin daren ka kai maganar gaban Allah, ka kuma kai ta ga mutumin da ka zaɓa, ka tambaye shi ko yana ganin akwai gaskiya a ciki. Da wuya a samu gyaran da gaba ɗayansa daidai ne ko gaba ɗayansa ƙarya ne. Wataƙila surukinka ya haɗa da ƙari da tsohon haushi, amma cikin abubuwa biyar da ya lissafa biyu gaskiya ne; ka ɗauki biyun nan, ka koma ka ce masa ga abin da ka yarda da shi, ga kuma abin da za ka yi daga yau. Idan akwai abin da aka ɗora maka wanda ba ka yi ba, kana da damar faɗa, sau ɗaya, a taƙaice, bayan ka amsa wanda ka yi. Amsa laifin da ba ka aikata ba don a zauna lafiya shi ma ƙarya ne, kuma mai barin shaye-shaye ba shi da sararin yin ƙarya ko wace iri.

Abin da ya fi wuya shi ne gyaran da ya fito daga bakin wanda kake ganin bai isa ba: ƙaninka, ɗanka, matarka, ko dattijon da ka san nasa aibin. Zuciya takan ce, "Wane ne shi?" Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Littafin Karin Magana 27:6 ya ce raunin da aboki ya yi maka na aminci ne, sumbar maƙiyi kuwa yaudara ce, kuma a 12:1 ya kira mai ƙin tsautawa wawa ba tare da sakaya ba. Har wanda ya zo da mugun nufi yana iya riƙe da wata gaskiya. A 2 Sama'ila sura 16, lokacin da Dawuda ke gudu daga Absalom, Shimai ya bi shi yana zagi yana jifa da duwatsu, Abishai ya nemi izinin sare masa kai, Dawuda ya hana, ya ce a ƙyale shi, wataƙila Ubangiji zai dubi wahalarsa. Wannan ba ya nufin ka zauna a riƙa wulaƙanta ka kullum. Idan wani ya mayar da tarihinka abin gori, kana iya nisantarsa, ka kuma sanar da dattawa. Amma kada ka yi amfani da mugun salon mai magana ka zubar da abin da ya faɗa.

Game da matar aure kuwa, ko mijin da ya sha wahalar matarsa, sai an ƙara haƙuri. Idan ta shinshina bakinka, ko ta duba aljihunka, ko ta tambaye ka sau uku inda ka tsaya, kada ka ce, "Har yanzu ba ki yarda da ni ba?" Ba ta yarda ba, kuma kai ka koya mata hakan cikin shekaru. Ka juya mata aljihun da kanka.

Yadda ake amsa laifi

Sarakuna biyu na farko na Isra'ila duka sun ce "na yi zunubi," amma ba abu ɗaya suka yi ba. A 1 Sama'ila sura 15, da Sama'ila ya tunkari Shawulu, ya fara da cewa ya cika umarnin Ubangiji. Da aka nuna masa kukan tumakin da aka umarce shi ya hallaka, ya ce jama'a ne suka rage su. Da aka matsa, ya amsa zunubin amma ya ƙara da cewa tsoron jama'a ne ya sa. A ƙarshe ya sake cewa ya yi zunubi, sannan ya roƙi Sama'ila ya girmama shi a gaban dattawan mutanensa. Duk wanda ya zauna da mashayi ya san waɗannan matakai huɗu: musu, ɗora wa wasu, amsawa da uzuri, da neman a ceci mutunci. Dawuda kuwa, da annabi Natan ya ce masa shi ne mutumin da ya aikata laifin, a 2 Sama'ila 12:13, cewa ya yi ya yi wa Ubangiji zunubi, bai ƙara komai ba. An gafarta masa, amma sakamakon abin da ya aikata bai gushe daga gidansa ba, bai kuwa janye tubansa saboda haka ba.

Daga nan ake ɗaukar ƙa'idar. Ka ambaci abin da ka yi da sunansa. "Ku yafe mini duk abin da na yi muku" magana ce mai daɗin ji wadda ba ta amsa komai. Ka ce, "Inna, akuyarki da ta ɓata bara ni na sayar da ita, na sha ƙwaya da kuɗin, na kuma bar ki kina zargin yaron maƙwabta." Ka cire "amma" da "idan" daga maganar: wanda ya ce "idan na ɓata miki rai" yana nufin bai tabbata ya yi laifi ba, wanda kuma ya ce "amma ke ma kin san halin da nake ciki" ya mayar da rabin laifin kan wadda ya cuta. Kada ka jingina da Shaiɗan ko abokai. Jaraba gaskiya ce, amma hannunka ne ya kai ƙwayar baki. Ka faɗi abin da kake ganin laifin ya jawo mata, sannan ka tambaye ta ko akwai abin da ka manta, ka kuma shirya jin amsar, domin galibi akwai.

Kada ka nemi a yafe maka nan take. Mu Kirista muna da wata dabara marar kyau a nan, wato mu tuna wa wanda muka cuta cewa Yesu ya umarce shi ya gafarta sau saba'in sau bakwai. Wannan umarni tsakaninsa ne da Ubangijinsa, ba sanda ba ce a hannunka. Ka amsa laifin, ka ba shi lokaci. Gafara ma daban take da amana: mahaifinka na iya yafe maka yau, ya kuma ƙi ba ka mabuɗin rumbu har shekara, duka biyun daidai ne.

Sannan ka biya. Zakka, a Luka 19:8, bai tsaya ga baƙin ciki ba, ya ce duk wanda ya zalunta zai mayar masa ninki huɗu. Ka zauna da mutumin da ka zaɓa ku rubuta sunayen waɗanda kake riƙe da haƙƙinsu: mai shago, mai babur, kuɗin adashin matarka, buhun geron da ya fita daga gida da dare, baikon da aka ba ka ka kai majami'a bai isa ba. Kada ka tsallake dangi da maƙwabta Musulmi don tsoron abin da za su ce game da ikkilisiya. Sun riga sun san kana sha, abin da ba su gani ba tukuna shi ne ka zo da kanka ka biya. Idan ba ka da kuɗin gaba ɗaya, ka yi alkawarin abin da za ka iya, ko da jaka ɗaya ce kowace ranar kasuwa, ka kuma cika. Alkawari ƙarami da aka cika ya fi babba da aka saɓa amfani a wurin mutanen da suka gaji da alkawuranka.

Akwai iyaka. Mataki na tara a tsarin Alcoholics Anonymous da aka ambata ya ce a gyara ɓarna kai tsaye sai dai inda yin hakan zai cutar da mutumin ko wasu. Idan furcinka zai tona asirin wata mace, ko ya rusa auren wani, ko ya shafi sayar da ƙwaya da hukuma ke hukuntawa, kada ka yi gaban kanka. Ka nemi shawarar fasto da wanda ya san doka. Furci a gaban taron jama'a kuma ya dace ne da laifin da aka yi a gaban jama'a ko aka yi wa ikkilisiya, ba kowane sirri ne na mumbari ba. Idan dattawa sun sa ka ƙarƙashin horo, suka dakatar da kai daga jibin Ubangiji ko daga ƙungiyar mawaƙa na wani lokaci, ka ci gaba da zuwa sujada. Sauya majami'a don guje wa horo abu ne mai sauƙi a gari kamar Maraɗi, amma mutum yakan tafi ne da matsalarsa zuwa wurin da ba wanda zai tambaye shi.

Lissafin dare, da ranar da ka zame

Kowane dare kafin ka kwanta ka ɗauki minti goma ka bi yinin daga safe: inda ka yi ƙarya ko ka rage gaskiya, wanda ka yi wa tsawa, lokacin da sha'awar sha ta taso da abin da ya tayar da ita. Abin da ya kamata a gyara, ka gyara shi washegari. Ƙananan laifofin da aka amsa da wuri su ne ke horar da baki ya iya amsa babba.

Babban kuwa yana iya zuwa. Cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka ta ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa magani sukan koma sha a wani lokaci, kusan daidai da yadda masu hawan jini ko asma ke samun dawowar ciwonsu. Ba a kawo wannan don ya zama uzuri ba, an kawo shi ne don ka shirya. Ku yi yarjejeniya tun yau da mutuminka cewa idan ka zame za ka kira shi a ranar, kafin rana ta sake fitowa. Zamewar dare ɗaya da aka faɗa tana iya tsayawa a dare ɗaya, wadda aka ɓoye kuwa tana buƙatar ƙarya ta biyu da ta uku, kuma nauyin ƙaryar kansa yakan tura mutum ya sake sha. Mai Zabura 32 ya ce lokacin da ya yi shiru ƙasusuwansa sun lalace. Ka kuma sani cewa bayan makonni ba ka sha ba jikinka ya rage jure wa ƙwayar, adadin da ka saba haɗiya a da yana iya jefa ka cikin jijjiga ko ya tsayar maka da numfashi, don haka likita ma ya kamata ya ji.

Girman kai cikin wata riga

Wani idan an yi masa gyara sai ya rushe: "Ni dama ba ni da amfani, gara in mutu, Allah ma ya gaji da ni." Wannan yana kama da tawali'u, amma sakamakonsa ɗaya ne da musu, domin mai gyaran yakan bar maganar ya koma rarrashi, laifin kuma ya tafi ba a taɓa shi ba. Bulus ya bambanta baƙin ciki irin na Allah, mai kai ga tuba, da baƙin cikin duniya mai kai ga mutuwa, a 2 Korintiyawa 7:10. Bitrus da Yahuza duka sun yi nadama. Ɗaya ya koma cikin 'yan'uwa, ɗaya ya tafi shi kaɗai. Idan tunanin kashe kai yana zo maka da gaske, wannan ba batun tawali'u ba ne, ka faɗa wa mutuminka da likita a ranar.

Wani kuma wata biyu da bari sai ya nemi a ba shi makirufo ya ba da shaida, ya fara yi wa tsofaffin abokansa wa'azi a fada, ya daina zuwa zaman mako domin "Ubangiji ya riga ya 'yantar da ni." Ubangiji yana 'yantarwa, amma wanda ya sanar wa ikkilisiya duka cewa ya gama warkewa ya ƙara wa kansa wahalar faɗin gaskiya ranar da ya zame. Bulus ya gargaɗi wanda ke tsammanin yana tsaye ya yi hankali kada ya faɗi, a 1 Korintiyawa 10:12. Ka bar shawarar lokacin ba da shaida, da lokacin komawa riƙe kuɗin ƙungiya ko koyar da yara, a hannun dattawa da mutumin da ke bin lamarinka.

Ga masu yin gyaran

Fasto, dattijo, uwa ko mata, ku ma akwai naku. Galatiyawa 6:1 ta ce a komo da wanda aka kama cikin laifi da ruhun tawali'u, mai komo da shi yana lura da kansa, Matiyu 18:15 kuma ta ce a fara tsakanin mutum biyu kaɗai. Kada ku yi gyara lokacin da mutum yake cikin maye, ko a gaban 'ya'yansa, kada kuma ku kwaso laifin shekara goma a zama ɗaya. Abin da aka faɗa muku a asirce kada ya fito a taron addu'a da sunan roƙon addu'a, ko a zumuntar mata, ko a misalin wa'azi da kowa zai gane wanda ake nufi. Idan kuma ya zo da kansa ya ce ya zame jiya, ku fara da gode masa da ya faɗa, ku tambaye shi guda nawa ya sha da ƙarfe nawa, ku duba ko yana buƙatar asibiti, sannan ku tsayar da lokacin da za ku zauna washegari ku bi abin da ya faru daki-daki.